Akwatin kallo da linzaminsa: bayani ga mai saye a Garwa da Njamena

A babbar kasuwar Garwa, haka ma a Marwa da Kuseri da Njamena, da wuya mutum ya ratsa layin masu kayan lantarki bai ga wasu ƙananan baƙaƙen akwatuna jere a kan kanta ba, kowanne bai fi tafin hannu faɗi ba, kwalinsa kuwa cike da manyan lambobi. 'Yan kasuwa suna kiransa boks, wasu su ce akwatin Android, aikinsa kuma shi ne mayar da talabijin ɗin gida ta zama mai shiga intanet. Tambayoyi biyu ne mafi yawan masu saye suke yi, wato nawa ne kuɗinsa da kuma tashoshi nawa yake kamawa, alhali babu ɗaya a cikinsu da take nuna ko akwatin zai yi shekara uku yana aiki ko kuwa bayan wata biyu zai koma cikin durowa. Abin da ya fi dacewa a tambaya shi ne wane irin gida za a kai shi, kuma a hannun wa linzaminsa zai kasance, domin akwai akwatin da tun kafin a fito da shi daga kwali wani ne can nesa yake juya shi.

Da farko dai a raba shi da dikodar da aka saba da ita. Dikodar Canal+ ko ta StarTimes hoto take karɓa daga tauraron ɗan'adam ko daga eriya, kuma idan an biya kuɗin wata, ko an kwana ana kallo babu abin da zai ƙaru. Akwatin kallo kuwa ƙaramar kwamfuta ce wadda ba ta kama komai daga sama; duk abin da ta nuna, ko dai daga intanet ta jawo shi ko daga filashi da katin memori. Saboda haka kowace awa ta kallo tana da farashi. Bisa lissafin kamfanin Netflix, awa ɗaya tana iya cin giga 1 a hoto na talaka, giga 3 a hoto mai tsabta da ake kira HD, sannan har giga 7 a 4K. Gidan da yake kallon awa uku kowane dare a HD ke nan zai iya cinye giga 270 a wata, wanda duk mai sayen forfe, wato ƙunshin data, a MTN ko Orange ko Camtel, ko Airtel da Moov a ɓangaren Cadi, ya san abin da hakan yake nufi ga aljihu. Wannan ne ya sa a ganina rubutun 4K da 8K shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya ja hankalin mai saye a yankinmu, tunda mafi yawan kallon da za a yi a YouTube, a kan ƙaramin matakin hoto na 360 ko 480 za a tsayar da shi don data ta kai ƙarshen wata. Masu ƙwallo kuma su sani cewa hoton intanet yana zuwa a makare, maƙwabci mai faranti zai riga su ihun an ci da daƙiƙu masu yawa.

Akwatunan da suke kasuwa dangi biyu ne, ko da yake a ido kamar uwarsu ɗaya. Dangi na farko su ne waɗanda Google ya tantance, masu tsarin Android TV da ya fito a 2014 ko Google TV da ya biyo baya a 2020. A cikinsu akwai Xiaomi Mi Box S na 2018 da magajinsa na 2023, da Nvidia Shield da ya fara fitowa a 2015, da Google TV Streamer wanda ya maye gurbin Chromecast a 2024. Kusa da su akwai Fire TV na Amazon da Apple TV, kowanne da tsarinsa na daban da asusun da yake buƙata. Dangi na biyu, kuma su ne suka cika kantunanmu, an ɗauko Android ne irin ta waya, wadda kowa yake da damar ɗauka kyauta, aka ɗora ta a kan akwati ba tare da wani ya tantance ba. Shi ya sa manhajojin cikinsu suke jiran a taɓa su da yatsa, rimot kuma ya kasa kai wa ga wasu maɓallai sai an kunna 'yar kibiyar nan mai tafiya kamar hawainiya.

Bambancin ya wuce na sauƙin aiki. Akwai wani makulli na Google mai suna Widevine wanda manyan kamfanonin fina-finai suke dogara da shi don hana satar kayansu, kuma hawa-hawa ne. Akwatin da yake da matakin L1 shi ake buɗe wa hoto mai tsabta, mai L3 kuwa a kan 480 ake tsayar da shi ko da intanet ɗin gidan yana gudu kamar iska, sannan Netflix yana da tasa tantancewar ta daban a kan wannan. Ƙaramar manhaja mai suna DRM Info tana nuna matakin cikin minti ɗaya, cikin saitin Play Store kuma akwai layin Play Protect da yake faɗin ko na'urar tantacciya ce ko a'a. Wanda kallonsa bai wuce fina-finan Hausa a YouTube da karatun malamai ba, wannan makullin ba zai dame shi sosai ba, amma layin Play Protect ya shafi kowa, kuma dalilin yana nan tafe.

Lambobin jikin kwali kuwa kyan ɗan maciji ne. Na taɓa sayen wani da aka rubuta masa ma'ajiyar aiki, wato RAM, giga 16 da ma'ajin ajiye kaya giga 256, cikin saitinsa ma haka ya nuna, amma ban gama saka manhaja ta biyar ba ya fara kukan wuri ya cika. An gyara tsarin ne don ya riƙa faɗin ƙarya. Ƙananan ƙwaƙwalen da ake sawa a irin waɗannan akwatuna, wato sassan da suke sarrafa dukan aikin akwatin, kamar Allwinner H616 da Rockchip RK3318, ba su iya ɗaukar ma'ajiyar aiki fiye da giga 4 ko da an so a ba su, kuma babu 8K na gaskiya a tare da su. Shi kuwa Mi Box S da ya shafe shekara da shekaru yana aiki a gidajen mutane, giga 2 da giga 8 kawai aka rubuta masa, kuma su ne a ciki. Abin da ya fi lambobi amfani shi ne sanin irin matsin bidiyon da ƙwaƙwalwar take iya warwarewa da kanta, wato tsarin da ake matse bidiyo da shi don rage masa nauyi. Tsohon tsari H.264 kowane akwati yana iyawa, H.265 na 2013 yana ba da hoto iri ɗaya da kusan rabin nauyin. VP9 da AV1 kuma su ne YouTube yake amfani da su. Amlogic S905X4 tana cikin ƙwaƙwalen da suke warware AV1, kuma ga mai sayen data da giga-giga, matsi mai kyau ragin kuɗi ne kai tsaye.

Yanzu ga maganar wanda yake juya akwatin daga nesa ba da sanin mai shi ba. A watan Janairun 2023 wani masanin tsaron kwamfuta a Kanada ya gano cewa akwatin T95 da ya saya ya zo da muguwar manhaja tun daga masana'anta, kuma a cikin shekarar kamfanin Human Security ya bayyana cewa babbar harka ce mai rassa, ya sa mata suna Badbox. A Disambar 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta datse hanyar sadarwar na'urori kimanin 30,000 masu ɗauke da ita a ƙasar, a Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kai, a Yuli kuma Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10, kuma marasa tantancewa ne. Aikin manhajar shi ne danna tallace-tallace a ɓoye da kuma ba wa baƙi hayar layin intanet na gidan, su bi ta cikinsa su yi ta'asarsu da adireshin mai gida. A ƙasashen da intanet ba shi da iyaka mai gida ba zai ma ji a jikinsa ba, amma a nan, inda ake ƙirga mega, akwatin da yake cin data da tsakar dare babu mai kallo ɓarawo ne a cikin ɗaki. Mayar da shi saitin masana'anta ba ya korar cutar, domin a cikin tushen tsarin take. Ba kowane akwati maras suna ne yake da ita ba, sai dai mai saye ba shi da hanyar tantancewa da ido, don haka wanda ya riga ya sayi irinsa kada ya saka masa asusun Google da yake amfani da shi a waya, kuma ya zare shi daga wuta idan an gama kallo. Haka nan akwatin da aka ce ya zo da dubban tashoshi kyauta har abada, tashoshin na sata ne, ranar da aka rufe tushensu kuma babu wanda za a kai wa ƙara.

Sai kuma gidan da akwatin zai zauna. A duba bayan talabijin kafin a fita kasuwa. Idan tana da ramin HDMI babu matsala. Idan tsohuwa ce mai ramuka uku, rawaya da ja da fari, to sai akwati mai ramin AV, wanda abin mamaki an fi samunsa a masu arahar, ko kuma a haɗa da ƙaramar na'urar da take juya HDMI zuwa AV. Idan hoton ya fito baƙi da fari ko yana birgima, mafi yawanci saitin ne yake kan NTSC, a mayar da shi PAL. Kayan da suka shigo ta Mubi ko Yola kan zo da filogi mai ƙafa uku irin na Najeriya, alhali soket ɗinmu mai ramuka biyu zagayayyu ne, kuma 'yar mahaɗar da take sako-sako tana kashe adafta fiye da yadda ake zato. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar ruwan Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya da rani kowa ya san yadda rabon wuta yake kasancewa, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta tsari tana iya hana akwati tashi gaba ɗaya. Sa'ar da aka yi ita ce cinsa kaɗan ne, mafi yawa bolt 5 suke sha kuma ba su kai wat 10 ba, ta yadda batirin cajin waya ko ƙaramin sola zai riƙe su, muddin an karanta jikin adaftar an tabbatar ba mai bolt 12 ba ce.

Akwai wata ƙaramar matsala da take sa a ɗauki lafiyayyen akwati a kai wa mai gyara. Mafi yawansu ba su da batirin agogo, don haka bayan an ɗauke wuta sukan farka da kwanan watan wata tsohuwar shekara, manhajoji kuma su ƙi buɗewa suna cewa babu intanet alhali akwai. Gyara kwanan wata, da sa agogo a kan lokacin Afirka ta Yamma wanda Kamaru da Cadi suke bi, shi ne dukan maganin. Zafin Maris zuwa Mayu kuma, lokacin da Marwa da Njamena suke haura digiri 40, yana sa ƙwaƙwalwar ta rage gudu don kare kanta, sai hoto ya fara sarƙewa a ɗora wa intanet laifi. Kada a ɗora akwatin a kan dikoda ko a rufe shi da kyallen ado, a kuma riƙa hure ƙurar hunturu daga ramukansa.

Gidaje da yawa ma ba da intanet za su yi kallo ba, da filashin da aka cika a shagon masu tura fina-finai za su yi. Ga irin wannan gida ramin USB ya fi komai muhimmanci, kuma 'yan sandunan nan da ake cusawa kai tsaye a bayan talabijin ba su dace ba. Manhajar VLC ko Kodi tana buɗe kusan kowane irin fayil, sai dai a tuna cewa filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS.

To, idan an zaɓi akwatin, da me za a juya shi? Rimot ɗin da yake zuwa da masu araha, wanda a nan aka fi kira telekoman, da hasken da ido ba ya gani yake aiki, kuma dole ya kalli idon akwatin kai tsaye. Shi ya sa wanda ya ɓoye akwatinsa a bayan talabijin yake ta ɗaga hannu sama kamar mai kiran ɗan acaɓa, hasken rana mai ƙarfi a tsakar gida ma yana dushe shi. Gwada shi abu ne mai sauƙi: a nuna kansa ga kyamarar waya a danna maɓalli, idan yana da rai za a ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allon wayar. Rimot mai Bluetooth, wanda tantattun akwatuna suka fi zuwa da shi, ba ya buƙatar saiti da ido, yana kai kimanin mita 10, sai dai dole a haɗa shi da akwatin tun farko, kuma idan ya ɓace samun madadinsa ya fi wuya. Na uku shi ne rimot mai ɗan toshe da ake cusawa a ramin USB, wanda wasu suke da allon haruffa a bayansu, wasu kuma kibiya tana bin motsin hannu. Ga akwati maras tantancewa wannan shi ne mafi amfanin ƙarin kaya, domin yana isa duk inda rimot na asali ya kasa.

Hanyar da mutane suka fi jahilta tana cikin kebul ɗin HDMI da kansa, inda aka ware waya guda don na'urori su riƙa yi wa juna magana. Sunanta CEC, amma kowane kamfani ya raɗa mata nasa: Samsung ya ce Anynet+, LG ya ce SimpLink, Sony ya ce Bravia Sync, Philips ya ce EasyLink. Idan an kunna ta a talabijin da akwati duka, rimot ɗin talabijin shi kaɗai zai juya su, kunna ɗaya kuma ya tayar da ɗayan. A gidan da Baba ko Inna ne za su fi zama gaban talabijin, rage rimot daga biyu zuwa ɗaya ya fi kowace lamba ta jikin kwali daraja, ko da yake talabijin masu araha ba duka suke da ita ba.

Waya ma rimot ce. Manhajar Google TV tana da rimot a cikinta, sharaɗin kawai waya da akwati su kasance a kan wifi ɗaya, sannan a shigar da lambar da za ta bayyana a talabijin. Amfaninta mafi girma shi ne rubutu, domin neman sunan fim harafi bayan harafi da kibiyoyi azaba ce. Ba ta cika aiki da akwati maras tantancewa ba. Mai amfani da Kodi yana da Kore, manhajar rimot ɗinsa ta waya, bayan ya buɗe izinin sarrafawa a saitin Kodi, wanda yake bi ta ƙofa mai lamba 8080, ya kuma sa mata kalmar sirri. Wayoyin Xiaomi da Redmi da yawa suna da idon haske a samansu, suna iya kwaikwayon rimot na talaka ba tare da wifi ba. Akwai kuma bambanci tsakanin tura bidiyo daga YouTube zuwa akwati, inda wayar take miƙa adireshi kawai akwatin ya jawo da kansa, da kuma haska allon waya gaba ɗaya, wanda yake cinye batir kuma yake nuna wa duk 'yan ɗaki saƙon da ya shigo. Idan rimot ya ɓace kuma akwatin bai san sabon wifi ba, maus na kwamfuta a ramin USB zai fitar da mutum kunya. Idan babu shi, a buɗe rabon intanet a wata waya da suna da kalmar sirri irin na tsohon wifi, akwatin zai hau da kansa, daga nan a shiga da waya ta biyu.

Nesa ta gaskiya ita ce ta ɗan da yake aiki a Duwala ko Yawunde, iyayensa suna Marwa, a kira shi da dare a ce akwatin ya ƙi. Manhajojin da aka ambata ba za su kai can ba, saboda layukan intanet na waya suna tara dubban masu amfani a bayan adireshi guda, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa da ƙofa ɗaya, wanda wasiƙar da ta zo daga waje ba ta san ɗakin da za ta shiga ba. Mafita ita ce akwatin ya fara miƙa hannu waje da kansa. Haka manhajojin sarrafa na'ura daga nesa irin su AnyDesk da TeamViewer da RustDesk suke aiki, ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. A wasu akwatunan sai an ƙara wata 'yar manhaja kafin a iya danna abu, in ba haka ba kallo kawai za a yi, fim mai makulli kuma baƙin allo zai nuna. Masu ilimin abin sukan bi ta Tailscale, wadda take haɗa waya da akwati kamar suna ɗaki ɗaya, sannan su yi amfani da ADB, ƙofar masu gyara ta Android mai lamba 5555. Wannan ƙofa ba ta da kalmar sirri, kuma a Fabrairun 2018 wata cuta da aka kira ADB.Miner ta bi ta cikinta ta mamaye dubban na'urori tana haƙar kuɗin intanet da su, saboda haka ba a barinta a buɗe ga duniya. Lambar shiga ta AnyDesk ma kamar mabuɗin gida take. Duk baƙon da ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, a saka manhajar a karanto masa lamba, musamman idan a waya ya ce a saka inda asusun kuɗi yake, a kashe kiran.

Duk wannan kuma yana da iyaka, domin ba a iya kunna akwatin da babu wuta a jikinsa, ba a iya sayen forfe ga layin da ba a san ya ƙare ba, ba a kuma iya mayar da talabijin kan HDMI idan jika ya danna ta koma AV. Dole a sami mutum ɗaya a gidan, ƙane ko ƙanwa, da ya san zare filogi ya ƙirga goma ya mayar, ya san maɓallin da yake sauya mashiga, kuma ya iya ɗaukar hoton allon ya turo ta WhatsApp. Shirin kansa a gida ake yinsa kafin tafiya: a saka manhajar, a ba ta izinin shiga ba sai an amsa ba, a sa doguwar kalmar sirri, a tabbatar tana tashi da kanta bayan an zare wuta an mayar. Daga nan sai mutum ya fita zaure, ya kashe wifi a wayarsa, ya shiga akwatin da datar layinsa, ya ce wa na ciki su faɗa masa ko kibiya tana motsi a talabijin.